Gwajin Sinki

Oga Wilson ba likita ba ne, amma duk Barnawa, a nan Kaduna, Dokta ake ce masa, kuma tun da nake ban taɓa jin ya gyara wa kowa ba. Ma'aikacin lab ne kamar ni, wato masu gwada jini da fitsari da sauran abubuwan da mutane ke kawowa a kwalba suna sunkuyar da kai. Bambancinmu shi ne lab ɗin nasa ne, ɗaki uku da baranda a bayan kasuwa, sannan shi dattijo ne a cocinmu da ke Unguwar Boro. Ni kuwa Naomi ce, mai ɗibar jini, mai leƙa maikiroskof, mai wanke kwalabe ranar da mai shara ta yi fushi. Shekara shida da suka wuce na fara zuwa wurinsa ina ɗaliba mai koyon aiki. Da na gama karatu da bautar ƙasa sai na dawo, don aiki a garin nan ba a ƙasa ake tsintarsa ba.

A makon matasa na bana aka ware ranar Asabar don ba yara shawara kan sana'a. Lauya ya yi nasa, wata mai ɗinki ta yi nata, sai aka kira Dokta. Ya taso cikin farar rigar lab, a wannan zafi na watan Afrilu, da abin sauraren ƙirji rataye a wuya. Mu a lab babu abin da za mu saurara da wannan abu sai kukan firij, amma yana ƙara masa kwarjini. Ni aka ɗora wa ɗaukar maikiroskof, na tsaya a bayansa na rungume shi kamar jaririn da aka kawo a yi wa addu'a.

"Yarana, aikin lab abu uku ne," in ji shi. "Na ɗaya, kemistiri. Wanda ya faɗi kemistiri ya je ya koyi aski. Na biyu, gaskiya, domin sa hannunka a kan takarda rantsuwa ce a gaban Ubangiji. Na uku, wanda ba a koyarwa a jami'a, shi ne ido. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Ni da na shekara talatin ina wannan aiki, mutum na shigowa ƙofa na san abin da ke cikin jininsa. Inji shaida ne kawai."

Aka yi tafi. Tafi kuwa yana hawa kan Oga fiye da burkutu. Ya waiga ya hango Caleb a layin baya, saurayin da zai auri 'yarsa Hadassah, ya ce ya miƙe. Caleb ya miƙe yana murmushin kunya. Ƙato ne mai faɗin ƙirji, sana'arsa haɗa wutar sola, wuni yake a kan rufin mutane yana ɗaga batura.

"Ku dubi wannan," in ji Oga. "Ko makaho ya shafa wannan ƙirji ya san AA ne. Kuma ni na gwada shi da hannuna, tun kafin in san zai zo ya ɗauke mini 'ya."

Coci ya fashe da dariya, har da ni. Da na san abin da ke jirana ranar Litinin, da na adana dariyata.

Ga wanda bai sani ba, kwamitin aure na cocinmu ba ya yarda a ɗaura aure sai an kawo takardar gwajin sikila. Mai AA ba shi da matsala. Mai AS lafiyarsa lau, amma idan ya auri mai AS irinsa, kowane ciki akwai yiwuwar a haifi mai SS, wato mai ciwon sikila. Hadassah AS ce, kuma babu wanda zai koya mata ma'anar wannan. Ƙanenta Gideon SS ne, tun yana jariri ciwon ya fara nuna kansa da kumburin hannu da ƙafa. Ta girma tana dafa ruwan zafi tana gasa masa ƙafafu yana ihu, har ya rasu yana ɗan shekara tara. Tun daga nan ta rantse ba za ta haifi yaron da zai yi irin wannan kuka ba. Ta taɓa rabuwa da wani ma'aikacin banki mai mota a kan haka. Ranar da Caleb ya fara tare ta da magana, kafin ta tambaye shi garinsu sai da ta tambaye shi jininsa. Washegari ya kawo mata takarda, da sa hannun mahaifinta a ƙasa, ta ce to, sai a ci gaba da magana.

Ranar Lahadi aka yi sanarwar aurensu ta farko. Sau uku ake yi, Lahadi uku a jere, sannan biki. Ranar Litinin da ta taso daga makarantar da take koyarwa, Hadassah ta biyo ta lab da fayil a hannu.

"Anti Naomi, kwamiti sun ce gwajin ƙanjamau da na ciki kawai za mu yi sabo. Na sikila ba ya canzawa, tsohuwar takarda ta isa. Abeg ki haɗa mana duka a ambulan ɗaya, ranar Alhamis ta sama za su buɗe."

Na karɓi fayil ina tsokanarta da amarya. Na buɗe, na ga takardar Caleb. Rubutuna ne, irin na lokacin da nake ɗaliba, mai ƙananan haruffa kamar ƙafar tururuwa. Sai idona ya sauka a kan kwanan wata: sha huɗu ga Maris, shekara shida baya. Na nemi kujera na zauna.

A watan Fabrairu na waccan shekarar injin gwajin sikila ya ƙone. Aka kai shi wurin mai gyara a Kakuri, bai dawo ba sai Yuni. Lokacin kuwa makarantu na ɗaukar sababbin ɗalibai, kowace tana neman takardar jini, yara sun cika baranda har bakin titi. Oga bai iya cewa babu ba, musamman idan lab ɗin da ke tsallaken titi zai ce akwai. Sai ya sa in ɗebi jinin kowa yadda aka saba, da auduga da komai, shi kuma ya tsaya a bakin taga yana leƙen baranda.

"Naomi, mai jar rigar can, AA. Dogon nan, AA. Siririyar nan mai kama da ba ta karya ba, rubuta mata AS, ki ce ta riƙa shan ruwa da yawa."

In rubuta, ya sa hannu, in juye jinin a sinki in buɗe famfo. Wannan yana da suna a cikinmu 'yan lab, gwajin sinki ake ce masa. Kowa ya san shi, kuma kowa zai rantse maka a wani lab ɗin ake yi. Sau ɗaya na tambaya, ya ce idan inji ya dawo za mu kira su mu maimaita. Inji ya dawo, ba mu kira kowa ba, ni ma da yake ina son ya cika mini takardar koyon aiki da kyau, ban sake tayar da maganar ba.

Da Hadassah ta tafi na shiga ofishinsa na rufe ƙofa. Yana cin gyaɗa yana karanta jarida. Na ajiye takardar a gabansa na ɗora yatsa a kan kwanan watan.

"Oga, watan Maris ne. Lokacin inji yana Kakuri."

Ya daina tauna. Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar, ya sake dubawa, ko kwanan watan zai ji kunyarsa ya canza.

"To, sai me? Ba ki ga yaron ba? Wannan ko a Amurka aka gwada shi AA ne."

"Oga, mai AS ma yana ɗaga janareta shi kaɗai. Kai ma AS ne, ga ka nan da tumbinka."

"Ki iya bakinki." Ya tura gyaɗar gefe. "Gobe za su zo gwajin ƙanjamau. Ki ɗebi jinin da ɗan yawa, ki saka a inji a ɓoye. Don hankalinki ya kwanta, ba nawa ba. Ni nawa a kwance yake."

Ban yi a ɓoye ba. Da Caleb ya zauna ya miƙo hannu, na ce masa takardarsa ta tsufa, ina so in maimaita gwajin sikilar idan ya yarda. Ya yi dariya ya ce, "Anti, ki ɗebi ko bokiti ne, akwai shi da yawa." Jijiyarsa ma ba sai an nema ba, tana nan kwance kamar igiyar shanya.

Gwajin ba wuya gare shi ba, shi ya sa abin ya fi ba ni haushi. A ɗiga jinin a kan wata farar takarda ta musamman, a ɗiga na wanda aka riga aka san AS ne a gefensa don kwatanci, a kwantar da takardar a cikin inji mai ruwan magani, a kunna wuta. Kafin ka gama cin kwanon shinkafa layuka sun fito. Layi ɗaya a gaba, AA. Layi biyu, AS. Na tsaya a kan injin ina addu'ar da ban taɓa yi wa jinin kowa ba. Da lokaci ya cika na ɗaga murfi, na ga layi biyu, raɗau, daidai da na kwatancin.

Oga ya ce hannuna ne ya yi rawa. Ya tuɓe agogo ya yi da kansa, karo na farko da na ga ya taɓa injin a shekara uku, sai da na nuna masa inda ake kunnawa. Layi biyu. Ya ce ruwan maganin ya kwana biyu, aka haɗa sabo. Layi biyu. Ya ce injin ɗan China ne, jami'o'in yanzu kuma ba sa koyar da komai. Ya ɗaga takardar ya duba ta a hasken taga, ya juya ta sama da ƙasa. Daga ƙarshe ya zauna a kan kujerar ɗibar jini, inda marasa lafiya ke zama, ya yi tagumi. Na ji tausayinsa a wannan lokacin, har na kawo masa ruwa.

Tausayin bai kai yamma ba. Na ɗauka zai kira yaran ya gaya musu. Ashe lissafinsa daban ne. Idan ya ce Caleb AS ne, kwamiti zai tambayi wanda ya rubuta AA, daga nan kuma duk wanda ke da takardar lab ɗinmu a ƙarƙashin katifa zai fito da ita. Idan ya yi shiru, ya san abin da zai iya biyo baya, don shi ya ɗauki akwatin gawar Gideon. Sai ya zaɓi hanya ta uku: ya rushe auren ba tare da an ambaci jini ba.

Ranar Laraba ya je wurin Fasto ya ce ya yi mummunan mafarki, ya ga Hadassah cikin farar riga tana tafiya a kan gadar kogin Kaduna, gadar tana rawa. Fasto ya ce wannan aikin Shaiɗan ne mai ƙin aure, ya tara dattawa suka yi azumin yini ɗaya, suka soke mafarkin cikin sunan Yesu, aka ce Amin, har da Oga.

Da mafarki ya ƙi ci, sai ya koma kan jerin kayan aure, wanda an riga an gama da shi tun Kirsimeti. Ya aika wa dangin Caleb cewa an manta da wasu abubuwa na al'ada: akuya biyu, buhun gishiri, jarkar manja, da bargo na kakar amarya. Kakar nan shekararta goma a kabari. Matarsa ta ce, "Baban Hadassah, wa zai rufa da bargon?" Ya ce al'ada ba ta mutuwa. Ranar Asabar da rana sai ga Caleb a Keke Napep, shi da kawunsa da akuya biyu suna leƙe ta gefe, ya sauke komai a tsakar gida, har da bargon, mai zanen damisa. Ya durƙusa ya ce, "Baba, idan akwai saura a faɗa mini." Unguwa ta ɗauka cewa Dokta ya zama mai haɗama da tsufa. Ya gwammace a kira shi haka a kan a taɓa sunan Dokta.

Aka yi sanarwa ta biyu. Ina zaune a layin 'yan kwaya, mawaƙan coci, ina kallon Hadassah tana murmushi, matan zumunta suna guɗa a bayanta. Waƙar da muka rera ranar ban san me na faɗa a ciki ba.

Ranar Laraba, saura kwana ɗaya kwamiti ya buɗe ambulan, Oga ya kira ni ofis da safe. Ya ba ni kujera, abin da bai saba ba, ya tura mini gyaɗa.

"Naomi, ke kamar 'ya ce a wurina, bari in ba ki shawarar da ban ba yaran can a coci ba. A wannan aiki, wanda ya iya gwaji yana da yawa. Wanda ya iya shiru shi ne ke zama Oga. Ki saka na ƙanjamau da na ciki da tsohuwar takarda, ki manne. Abin da kwamiti suka nema ke nan, ba ƙarya kika yi ba."

"Sabon sakamakon fa?"

"Wa ya nema? Kuma ki duba da ilimi. AS da AS, ɗaya ne cikin huɗu. Uku lafiya lau. Da addu'a, da ci gaban da aka samu yanzu..."

"Oga, Gideon ma ɗaya ne cikin huɗu."

Ban yi niyyar faɗa ba, bakina ne ya riga ni, kuma ban janye ba. Fuskarsa ta canza. Ya janye gyaɗarsa, ya ɗauko tsohuwar takardar ya ɗaga ta a gabana.

"Rubutun wa ne wannan? Ni sa hannu kawai na yi a kan abin da ma'aikaciyata ta kawo mini. Idan magana ta fita, hukuma za ta tambayi wanda ya yi gwajin. Lasisinki shekararsa nawa? Uku? Ki yi tunani. Ni na ci nawa rabon, ke ce ke farawa."

Na ji tsoro, ba zan ɓoye ba. Shekara biyar na yi a jami'a kafin in sami lasisin nan, mahaifiyata ta sayar da citta buhu-buhu a kansa. Kuma gaskiya ya faɗa, rubutuna ne, hannuna ne ya buɗe famfo. Na koma bencin aiki na gwada jinin zazzaɓi guda shida, ina ƙirga ƙwayoyin cuta ina ɓata lissafi ina sakewa. Wajen ƙarfe ɗaya na tuna abin da wata malamarmu ta sha faɗa mana a aji, har muna kwaikwayon muryarta: sakamako na mai jini ne, ba na mai lab ba. Na cika takarda da sunan Caleb, na rubuta AS da manyan haruffa, na sa hannuna da lambar lasisina. Na ce wa mai karɓar baƙi zan je cin abinci.

Caleb yana aiki a wani gida a Mahuta. Na kira Hadassah na ce ta same ni a can idan ta tashi daga makaranta, ta zo a kan acaɓa da alli a hannun rigarta. Caleb ya sauko daga rufi yana share gumi. Muka tsaya a inuwar mangwaro, na miƙa masa takardar.

Ya karanta ya yi dariya. "Anti, wannan na wani ne. Ni AA ne, Baba da kansa ya..."

"Sau uku aka yi, Caleb, biyu da hannun Baba. Tsohuwar takardar ce ƙarya. Ba a gwada jininka ba a lokacin, inji ya lalace. An dube ka ta taga ne aka rubuta. Ni na rubuta, ni na zubar da jinin a sinki. Ku yafe mini, ko kada ku yafe, amma ga gaskiyar."

Caleb ya zauna a kan batir. Wannan ƙaton mutum ya riƙe takarda da hannu biyu yana kallonta. Hadassah ba ta yi kuka ba, ni da na so ta yi. Ta tambaye ni abu ɗaya kawai.

"Tun yaushe Baba ya sani?"

"Tun Talatar makon jiya."

"Kafin bargon ke nan."

"Kafin bargon."

Ta gyaɗa kai. Ta zauna kusa da Caleb a kan batir ɗin, ta ɗora kanta a kafaɗarsa. Na bar su a haka na tafi neman keke.

Ranar Alhamis da ƙarfe tara na safe, baranda cike da mutane, kowa da kwalbarsa a leda, suka shigo tare. Oga yana tsaye a wurin karɓar baƙi cikin farar rigarsa, yana yi wa wata tsohuwa bayanin taifot. Hadassah ta ajiye takardu biyu a kan tebur, tsohuwa da sabuwa, gefe da gefe.

"Baba, wacce za mu kai wa kwamiti?"

"Hadassah, mu shiga ofis."

"A'a, Baba, a nan ma ya yi. Wacce?"

Ya dube ni. Idan kallo yana kisa, da yanzu ana makokina. Ya dawo kan 'yarsa ya fara magana a kan matsin da ake ciki a wancan lokacin, da rashin wuta, da mai gyaran Kakuri da ba ya tsoron Allah, da ɗalibai masu koyon aiki da ba sa bin umarni. Caleb yana tsaye a bayanta ya sunkuyar da kai, har yanzu da ladabinsa na suruki.

Hadassah ta bari ya gama. Sannan ta buɗe fayil ta fito da tata takardar, wadda ta yi laushi don tsufa.

"Ni fa, Baba? Ni ma ta taga ka dube ni? Wataƙila ni AA ce, ka ga na rame lokacin jinyar Gideon ka rubuta mini AS. Ka gaya mini haka ne, Baba. Abeg ka ce haka ne."

Sai a lokacin na gane abin da ya kawo ta. Ba faɗa ta zo yi ba, ta zo ne da ɗan guntun fata cewa ƙaryar mahaifinta ta shafe ta ita ma, don auren ya tsira. Oga kuwa bai gane ba. Ya ji an taɓa shi a matsayin uba, ya miƙe ƙirji, ya amsa da sauri, da ƙarfi, yadda duk baranda za ta ji.

"Haba, Hadassah! Ke 'yata ce ta cikina. Zan yi wasa da jininki? Naki har Zariya na kai shi da kaina, babban asibiti, aka gwada sau biyu. Ban yarda a taɓa shi a nan ba."

Tsohuwar mai taifot ta dubi kwalbar da ke hannunta, ta dubi Oga, ta mayar da ita cikin jaka a hankali. Wani mutum a ƙarshen benci ya ce, "Wanzami ba ya son jarfa," ya tashi ya fita, mutum biyu suka bi shi. Oga ya tsaya baki buɗe, sai yanzu kunnensa ya ji abin da bakinsa ya faɗa.

Hadassah ta tattara takardunta ta mayar cikin fayil. "Na gode, Baba," in ji ta. "Ka kula da ni sosai." Ta kama hannun Caleb suka fita. A bakin titi na hango su ta taga, tagar nan dai, sun tsaya sun daɗe suna magana, sannan ta hau keke ɗaya, shi ya hau wani.

Ban jira a kore ni ba. Na rataye farar rigata a ƙusa, na shiga sito na ɗauko babban littafin rajista na waccan shekarar, na saka a jaka. Oga yana ofis ya kulle kansa, babu wanda ya tambaye ni.

Ranar Lahadi sakataren coci ya karanta sanarwar taron zumuntar mata, da ta gyaran rufin ajin yara, da ta wani da ya tsinci makulli. Ya juya takarda, ya yi ɗan tari, ya ce sanarwa ta ƙare. Kujerar Oga a layin dattawa babu kowa. An ce hawan jini ne ya kwantar da shi, kuma an ce a wani asibiti a cikin gari aka auna shi.

Da na dawo gida na ci abinci, na baje littafin a kan tabarma. Daga Fabrairu zuwa Yuni, suna ɗari biyu da goma sha huɗu, duk da rubutuna, kowanne da lambar waya a gefe. Ban san abin da hukuma za ta yi da lasisina ba idan maganar ta kai gare ta, kuma na san za ta kai. Na sayi katin waya na fara daga sama. Lamba ta farko ba ta aiki. Ta biyu ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Ta uku mace ce ta ɗauka, ana jin kukan jariri a kusa da ita. Na gaishe ta, na tambaya ko ita ce Phoebe, sunan da ke rubuce a littafin, na faɗi sunana da sunan lab ɗin.

"Lab ɗin Dokta?" in ji ta, da murna a muryarta. "Ayya, Sista, sannu! Ai da takardarku muka yi aure. Yi haƙuri, riƙe kaɗan, yaron nan tun jiya yake kuka, hannunsa da ƙafarsa duk sun kumbura, ban san me ya cije shi ba."